Kajin Adda da Tukwanen Gara

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha shayi cikin natsuwa ba. Wannan ya ce yaya Nijar, wancan ya ce ina Addar da ka ce za ka ɗauko, har Alhaji mai katako ya kama hannuna yana yi mini gaisuwar mutuwa. To, ba ta mutu ba. Ni kuma bakina ya gaji. A aji huɗu na tsaya, rubutuna ba kyau amma zai karantu. Zan rubuta sau ɗaya, wanda ya ƙara tambayata a majalisa in miƙa masa takarda.

Adda Hansatu yayata ce, ita ta goya ni. Tun muna da shanu wani makiyayi ya aure ta ya tsallaka iyaka da ita. Ya rasu shekara shida ke nan, ya bar ta ita kaɗai a gida, daga ita sai kaji. Da sanyin bana ya kankama sai limamin ƙauyensu, Malam Isuhu, ya kira ni a waya. Ya ce ta faɗi a bakin rijiya, ƙugu ya bugu, tana kwance. Na rufe rumfata ta facin taya, na sa aka share ɗakin da ke kusa da zaure a gidana na unguwar Takur a Dutse, na ce wannan karon ko tana so ko ba ta so, da ita zan dawo. Liman ya ce ba ta da zance sai na kaji, don haka na sayi rabin buhun dusar masara na haɗa da kayana.

Na hau ƙaramar bas daga Dutse ranar Laraba. Mun wuce Kiyawa, mun wuce Jahun lafiya, muna dab da Gujungu taya ta fashe. Safayar ma ba iska. Direba ya leƙo ya ce ko akwai wanda ya san faci. Na kawar da kai ina kallon gona. Sai wata tsohuwa a bayana ta ce, "Ga shi nan yana ɓoye hannu. Malam, dubi faratanka, wa za ka yi wa ƙarya?" Haka na sauka na tsuguna a gefen titi da sabuwar rigata, fasinjoji sun kewaye ni kowa yana koya mini aikina. Ladana gurasa biyu da kifi ɗaya.

Na sake mota a Gumel, na isa Maigatari ana kiran magariba. Washegari kasuwa, garin ya cika da shanu da raƙuma. Na kwana a zauren wani fatoma mai saukar da baƙi, mu goma sha wani abu da rago ɗaya, kuma a cikinmu ragon ne kaɗai bai yi minshari ba. Da safe wani Buzu ya dafa shayi. Nasu sau uku ake sha a ɗan kofi kamar na magani, na farko ɗaci kamar maɗaci, kuma in ka tashi kafin na uku ka yi rashin kunya. Ya taɓa buhuna da ƙafa ya ce mene ne. Na ce dusar kaji. Ya daɗe yana kallona ta saman rawani, sannan ya ce, "Can da sanyi ba dusa ke riƙe kaji ba."

Iyakar da kuke tsammanin wani babban abu ce, sanda ce a gicciye a kan hanya. Namu suka duba kati suka ce Allah ya kiyaye. Nasu wani jandarma ne dogo, Hausarsa ta fi tawa. Ya cusa hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ya zaro, ya shinshina, ya yi dariya ya ce, "Baba, an gaya maka mu ba mu surfe ne?" Daga nan na hau acaɓa, su kabu-kabu suke cewa. Ba titi, yashi ne zalla. Sau biyu muna faɗuwa. A faɗuwa ta biyu buhu ya yage, ba mu lura ba, muka yi ta shuka dusa a daji har muka isa. Abin da ya rage bai wuce kwano huɗu ba.

Ƙauyen ba zan faɗi sunansa ba. Gida talatin ne ko ƙasa da haka, shiru kamar an yi musu rasuwa. Abin da ya fara tsaya mini a rai tukwane ne. Bayan kowane gida, gindin kowane rumbu, tsoffin tukwane a kife a ƙasa, an danne su da dutse. Na ce wa mai babur, "Wannan kuma wane irin asiri ne?" Ya ce, "Abincin kaji ne, Baba."

Na tarar da Adda kwance, ta zama kamar kara. Kaskon garwashi a gefe, kusa da gadonta kwando a kife, ana ta tsiyau-tsiyau a ciki.

"Auta," ta ce, "ka tsufa."

Mutum da shekara hamsin da biyu da furfura, Auta.

"Adda, zuwa na yi in tafi da ke."

"Ɗaga kwandon nan."

Kaza ce ja da 'yan tsaki goma sha ɗaya, kwanansu huɗu da ƙyanƙyasa.

"In aka ɗauke su a sanyin nan, mutuwa. In aka bar su ba mai kula, mutuwa. Ka raina mini su su yi fiffike, in ba matar Liman, in bi ka."

"Kaji fa, Adda. Akwai kaji a Dutse."

"In ka kasa riƙe 'yan tsaki, ni za ka riƙe? Bari in mutu a ɗakina."

"In na riƙe su fa?"

"Na yi alkawari."

Mako uku ke nan. Na kira gida na ce kada a jira ni.

Mu a Dutse in sanyi ya zo, sai ka sayi abincin kamfani, ka kunna musu ƙwan lantarki in an kawo wuta, ka tafi harkarka. Can aiki ne kamar jinya. Daga kwance take ba ni umarni. Ruwan sha sai an ɗumama shi, na randa yana sa su mura. Dusa da ruwan ɗumi ake dama ta, da ɗan jiƙon kanwa. Toka mai ɗumi a shimfiɗa a akurki. Kafin rana ta faɗi a watsa wa manya tsabar gero, su hatsi suke ce masa, wai ita ce bargonsu, tana narkewa a ciki tana ba su zafi har gari ya waye. Ni ma abincina bai wuce nasu da yawa ba. Fura da safe, fura da rana, tuwon gero da miyar kuka da yamma, matar Liman ke aikowa. Shinkafa ko a mafarki. Ran kasuwa aka kawo mini wani burodi dogo, da shi za ka iya korar akuya.

Amma 'yan tsaki, in ji Adda, sai da gara. Dusa cika ciki kawai take yi, gara ce ke sa musu mai a jiki su jure sanyi. A nan na gane tukwanen. Za ka cusa busasshen kashin shanu da guntayen kara da tsumman buhu a tsohuwar tukunya, ka yayyafa ruwa, ka kankare ƙasa inda gara ke bi, ka kife tukunyar da yamma. Da sassafe ka ɗauko, gara ta hau ta cika ta, ka zazzage musu.

Tukwanenta uku. Na kife su inda ta kwatanta, bayan rumbu. Da safe ba komai sai kashin shanuna. Rana ta biyu 'yan ƙwayoyi da ba su cika tafin hannu ba. Rana ta huɗu na ɗaga kwando na ga biyu sun miƙe ƙafa, sun sandare. Washegari ɗaya ya bi su. Adda ba ta yi faɗa ba. Ta sa hannu cikin kwandon ta shafa su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Takwas," ta juya ta fuskanci bango.

Na tambayi mutane a masallaci. Gaisuwarsu doguwa ce, sai an tambaye ka gajiya da sanyi da iyali da dabbobi har ka manta abin da ya kawo ka. Amma da na zo kan gara, sai kowa ya ce ai da sanyi nisa take yi cikin ƙasa. Kowa da wurinsa, ba mai nuna wa wani.

Sai na fita nema da kaina. Gabas da gari, bayan wani tudun yashi, na faɗa wani kwari mai itatuwan aduwa. Ga wasu 'yan kunyoyi gajeru, sun shafe, wasu an ɗora musu ƙaya, ga sakainar tukwane nan da can. Na ce wannan tsohuwar gonar wani malalaci ce, ko kunya bai iya ja ta yi tsawo ba. Ba sawun mutum, ba na akuya. Iskar da ke yanka kunne a kan tudu, a nan ba ta. Na kankare kan wata kunya da yatsa, ga gara nan tana tafasa. Na dafa ƙasar, sai na ji ta da ɗumi, kamar wurin da wani ya tashi yanzu. Na yi murna. Na je na ɗebo tukwane na kife su a kan kunya uku.

Bayan sallar asuba na koma. Da ƙyar na ɗaga ta farko don nauyi. Na kara kunne, wani sauti ke fitowa a ciki, kamar mutane na raɗa a bayan zana. Garar kuwa fara sol, manya, masu ƙiba. Na zazzage wa 'yan tsaki suka far mata.

Daga ranar ba wanda ya sake mutuwa. Cikin kwana goma suka ninka. Amma abubuwa suka fara zuwa da ban iya fassarawa ba. Na ɗaya, suka daina kuka. Ɗan tsako da aka sani da surutu, waɗannan sai su ci shiru, su tsaya shiru. Na biyu, uwarsu ba ta cin garar. In na zuba dusa za ta kira su, ta tsattsaga musu. In na zazzage tukunya sai ta ja baya ta miƙe wuya tana kallo da ido ɗaya. Zakara ma ficewa yake yi. Su kuma suka bar bin uwarsu. Da la'asar sakaliya sai su jeru a kusurwar zana ta gabas, su takwas, ba tono, ba tsince-tsince, suna fuskantar waje har sai na kwashe su.

"Auta, ina kake samo wannan gara? Tawa ba ta taɓa yin ƙiba haka ba."

"Sirrin mai faci ne."

"Ja'iri."

Ta soma sa in ɗora mata su a cinya. Ɗan tsako ba ya zama a hannun mutum, waɗannan sai su lafe, su lumshe ido. Tana shafa su tana wani ɗan gunguni irin na rarrashi. Jikinta ya fara dawowa. Ta tashi zaune, bayan kwana biyu ta riƙe sanda ta kai bakin ƙofa.

Ga inda nake da laifi, ba zan ɓoye ba. Wata safiya na zazzage tukunya sai ga ɗan ƙyalle a cikin garar, fari ne da ya koma ruwan ƙasa, bai kai tafin hannu ba. Na ce tsumman da na cusa ne. Amma ni buhu na cusa, ban cusa yadi ba. Sai na dubi 'yan tsaki, fiffike ya fara tsirowa, saura kwana kaɗan. Na tura ƙyallen cikin garwashi, da yamma na sake ɗaukar tukwane na koma. A hanya na gamu da mata sun ɗebo ruwa, suka kauce suka ba ni baya. Mutumin da ya saba tsare ni da gaisuwa har ƙafata ta gaji ya ce "lahiya" kawai ya wuce da sauri.

Kwana biyu bayan haka, da sassafe, ina durƙushe zan ɗaga tukunya, sai na ji sallama daga bayana. Ba irin wadda ake yi wa mai rai ba ce. Na juya. Malam Isuhu ne a bakin kwarin, takalmansa a hannu, ƙafa ba komai cikin wannan sanyi.

"Malam Buba," ya ce a hankali, "sauka daga kan yaron mutane."

"Wane yaro?"

"Wanda ka sa wa gwiwa. Da damina muka sa shi. Kwanansa tara a duniya."

Ban san lokacin da na koma da baya na zauna daɓas ba. Na dubi kunyoyin nan. Duk tsawonsu kusan ɗaya, kamu uku ko huɗu. Duk sun kalli waje ɗaya.

"Nan muke sa jarirai tun kakanni," ya ce. "Manya suna yamma."

"Malam, ba katanga! Mu a Dutse katanga muke yi, da ƙofa, da mai gadi."

"Mu nan kowa ya sani. Wa za mu yi wa katanga?"

"To me ya hana a gaya mini?"

"Kwana biyar ke nan da aka gan ka. Mutane sun ce boka ne ya zo daga Najeriya, tsoro ya hana su magana. Ni na ce jahili ne. Na zo in ga wanne ne a ciki."

"Jahili ne, Malam."

"Alhamdu lillahi. Ya fi sauƙin gyara."

Na ce me ya tara gara a nan haka. Ya ce itacen da ake jerawa a kansu take ci. Na ce, itacen kawai? Ya sunkuya yana kaɗe yashi daga takalminsa.

Muka cire tukwanen. Da ya zo kan ta uku, wadda na kife can gindin aduwa, sai ya tsaya. Ya nuna kunya uku a jere, sun kusa shafewa. Ya ce, "Waɗannan na Hansatu ne. Babana ya yi musu salla, ni na riƙe fatanya. Kada ka gaya mata."

Na san Adda ta haihu sau uku, ba wanda ya kai wata biyu. Ina yaro lokacin, labari kawai ake kawo mana. Ban taɓa tunanin suna da wuri a duniya ba.

Muka gyara ƙasar da hannu, muka yayyafa ruwa, muka mayar da ƙaya, ya yi addu'a ina amin. Tukwanen muka fasa. Ya ce kajin a tsare su kwana uku ana ba su tsaba mai tsabta, sun halatta. "Amma gaskiya," ya ce, "ba wanda zai ci su a garin nan. Matata ma ba za ta karɓa ba."

Na shiga gida hannu biyu. Adda na zaune a bakin ƙofa, 'yan tsakin sun kewaye ƙafarta.

"Ina tukwanena?"

"Sun fashe."

"Duka uku? Auta, ni na wanke maka kashi. Na san warin ƙaryarka."

Na gaya mata. Duka, har na gindin aduwa. Na zaci za ta yi salati ko ta zage ni. Ta daɗe tana kallon 'yan tsakin, sannan ta ce, "Gabas ka ce?"

"Gabas."

"Akwai itace a wurin?"

"Aduwa."

"Inuwa tana kai musu?"

Na ce tana kaiwa.

Ta ce kowannensu a tabarma mijinta ya naɗe ya fita da shi, ya dawo da tabarma. Mace ba ta bin gawa. Sau ɗaya ta tambaye shi inda aka kai su, ya ce ba kyau, ba ta ƙara ba. Matan garin kuma ba mai tayar wa uwa wannan zance. Ita baƙuwa ce, ta ɗauka duk wuri ɗaya ake kai kowa. "Shekara talatin da wani abu," ta ce, "kullum da maraice, yamma nake kallo. Ashe baya na ba su."

Na tsare kajin kwana uku a kwando, gero da ruwan ɗumi kawai. Ba su yi kuka ba, ba su rame ba. Ranar da mako uku ya cika, duk takwas sun yi fiffike. Mai babur ya zo da hantsi. Na ɗaure mata ƙunshinta, na fito na same ta zaune a kan turmi da sandarta.

"Adda, alkawari."

"Ka cika naka. Ni zan saɓa, Allah ya yafe mini."

"In don kajin ne, mu sa su a kwando mu tafi da su. Akwai fili a bayan gidana. Akwai asibiti, akwai wuta, an share miki ɗaki."

"Da ban san inda suke ba, ko'ina ɗaya ne a wurina. Yanzu na sani."

Raina ya ɓaci, na faɗi abin da bai kamata ba. Na ce, "Matattu ne fa, Adda. Ni ne mai rai."

"Kai kana da mai dafa maka," ta ce. "Buɗe musu kwandon kafin ka tafi."

Malam Isuhu yana tsaye a bakin zana. Na dube shi ko zai sa baki. Ya ce, "Bar ta. Tuwo ba zai yanke mata ba muddin ina raye."

Na ɗaga kwandon. Uwar ta nufi bayan rumbu tana kiransu, ko ɗaya bai waiwaye ta ba. Suka bi ta wata kafa a gindin zana, ɗaya bayan ɗaya, suka ɗauki hanyar gabas. Wallahi ban taɓa zuwa da su wurin ba, ko sau ɗaya. Adda ta dafa sanda ta miƙe, ta bi su tana jan ƙafa. Ba ta yi mini sallama ba.

Hanyarmu ta bi ta kan tudun yashin. Daga can sama na hango ta. Ta kai bakin kwarin, ba ta sauka ba, ta cire takalmi ta zauna. Su kuwa suka gangara, suka wuce kunyoyin farko, suka tsaya a gindin aduwa.

Mai babur ya rage gudu ya ce, "Baba, mu tsaya ne?"

Na ce, "Ja mu tafi. Sanyi nake ji."